Mai Zura wa Shaho Zare

A shagon wanki da guga na surukinsa, Shaho ake ce wa tsohon, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan, abin da mai kunya ba ya yi. Yana da ɗan teburi a kusurwa, tsakanin injin wanki da ƙofar baya, inda yake gyaran kayan mutane: maɓallin da ya tsinke, aljihun da ya ɓule, hammatar kwat da ta yage saboda mai ita ya ƙi yarda ya yi ƙiba. Da hannu yake ɗinkinsa, don a wurinsa keken ɗinki na ragwaye ne. Gaskiya kuma ɗaya ce, hannun ya iya. In ya rufe yaga sai ka neme ta ka rasa, domin yatsunsa sun haddace hanya tun kafin a haifi yawancin masu kawo masa aikin.

Idon ne ya tafi. Bai tafi gaba ɗaya ba, yana gane mutum tun daga tsallaken titi, musamman wanda yake son yi wa tsiya. Amma duk abin da ya matso kusa da hancinsa hazo ne, kafar allura kuwa ya daɗe da yin sallama da ita. Mutum ɗaya ce a duniya ta san haka, matarsa, wadda 'ya'ya da maƙwabta ke kira Inna.

Abin ya faro ne wata safiya da ya dire mata gwangwanin alluransa kusa da kofin shayi, ya ce, "Zura mini waɗannan, sauri nake yi." Saurin nan bai ƙare ba har yau. Kullum da sassafe Inna za ta zauna bakin taga ta zura zare a allurai, ta ƙulla, ta soke su a jikin ƙyalle a jere: baƙi a farko, sai fari, sai ruwan toka, sai shuɗi mai duhu, ruwan ƙasa a ƙarshe. Ba ya duba kala, gurbi yake lalubawa. Shi kuma zai fito yana gyara wuyan riga, ya ɗauki gwangwanin kamar a hanya ya tsince shi. Bai taɓa cewa ba ya gani ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta sani ba. Sannu kuwa, wannan ba ta cikin kayan aikinsa.

In aka kawo masa jan kaya ko kore a shago, sai ya ɓata rai ya ce irin wannan kala ba a yi mata gaggawa, a dawo gobe. Sannan ya tsinko ɗan zare daga cikin kalmasa ya kai wa Inna gida ta nemo irinsa. Masu kaya suna ta yabonsa, wai tsohon ba ya ha'inci.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma Shaho ba ya iya cin arziki shiru. 'Yarsu Auta, matar mai shagon, ita ke kawo wa Inna labari tana dariya. Wai Baba yakan juya baya ya lashi iska, ya juyo da allura da zare yana reto, ya ce wa mai guga, "Ka gani, Ido Huɗu? Bugu ɗaya." Mai gugan nan bawan Allah ne mai tabarau mai kauri, bai taɓa yi masa komai ba. Wai kuma yakan ce tabarau sandar makaho ce da aka rataya a hanci, duk namijin da ya sa ta ya miƙa wuya.

Inna takan yi murmushi ta ce, "Ai kin san Babanku."

Tana da dalilanta na rufa masa asiri. Surukin nasu, wanda kowa ke kira Manaja, mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke gajiyar da mutum, kuma ya jima yana zagaye-zagaye a kan cewa ya kamata Baba ya huta. Ba zai iya korar uban matarsa ba, amma ranar da ya tabbatar idon ya mutu, ranar zai naɗe teburin da addu'a da godiya. Inna kuwa ta san ma'anar hutun. Ta tuna lokacin da mura ta kwantar da Shaho a gida, ya sauya wa tukwanenta wurin zama, ya kuma tsaya a kanta yana koya mata yadda ake tafasa ruwa. Bayan wannan, tana tausayinsa. Ta san in aka cire teburin nan da sunan nan, abin da zai rage tsoho ne mai surutu kawai. Tana sonsa ma, ko da yake da za ka tambaye ta tsaki za ka samu.

Sai nata idon ya fara.

Da fari hannu take miƙewa nesa, har hannun ya ƙare. Kafar allura ta riƙa tsukewa, wani lokacin ta rabu biyu, Inna ta zaɓi ɗaya ta soka, ashe ta ƙarya ce. Ta yanke bakin zaren a karkace, ta lasa, ta murza, ta sake lasa har ta fara bambance ɗanɗanon baƙin zare da fari. Ta goga masa sabulu don ya yi tauri. Ta sa farin faranti a bayan allurar. Zaren ya riƙa zuwa daidai bakin kafa, ya tsaya, ya lanƙwashe kamar yaron da aka aika gidan da ba ya so. Aikin da take gamawa kafin shayi ya huce ya koma cinye mata safiya, ga ciwon kai na rakiya.

Ranar da Shaho ya laluba ƙyallen ya ji rabin gurbin babu komai, sai ya ce, "Maman Auta, kin fara lalaci."

Ta ce, "Idona ne, Malam. Ba na gani sosai."

"Ina za ki gani, kin ƙarar da shi a leƙen gidan maƙwabta?"

Ya ɗauki gwangwaninsa ya fice. Inna ta bi ƙeyarsa da kallo, wadda take gani tar, ta ce a ranta Allah ya isa tsakaninta da nisa, da ya bar mata abin da ba ta buƙata.

Ranar ta je kemis. Mai kemis ya ɗora mata tabarau ɗaya bayan ɗaya tana duba rubutun jikin kwalbar magani, har aka zo kan wanda ya dace. Ƙaddara ta sa irinsa guda ɗaya ya rage, ruwan hoda, da 'yan duwatsu masu ƙyalli a gefe, irin wanda budurwa ma sai ta yi shawara kafin ta sa. Inna ta karɓa ta tura cikin jaka kamar kayan sata.

Washegari ta sa shi a bakin taga, sai da ta yi salati. Ta ga ƙurar da ta kwanta a jikin labule. Ta ga bayan hannunta, ta yi saurin ɗauke kai. Kafar allura kuwa ta buɗe mata kamar ƙofar gareji, zare ya shige ba gardama. Tana cikin jin daɗinta ta ji dariya a bayanta. Shaho ne, ya dafe bango yana ƙyaƙyatawa har da tari.

"A'a! Likita, yaushe aka buɗe asibitin? Ko amarya aka kawo mini ban sani ba?"

Ta ci gaba da cika masa ƙyalle. Ya gama dariyarsa, ya share hawaye, ya ɗauki alluran da aka zura da taimakon tabaraun, ya tafi neman suna da su.

Ba a jima ba tabaraun ya koyi yawo. Inna za ta ajiye shi a durowa bayan ta gama, da rana ta nema don tsintar shinkafa ta rasa, da yamma kuma ta same shi a wurinsa yana ƙanshin sabulun shago. Ƙafafunsa suka fara buɗewa, domin Allah ya yi wa Shaho kai. A kwanakin ne Auta ta zo da damuwa.

"Inna, cikin Baba lafiya kuwa? Manaja ya ce bini-bini ya shige bayi ya kulle, kuma da gwangwaninsa yake shiga."

"Shekaru ne," in ji Inna.

"Amma fa aiki ya ƙara kyau. Jiya jar riga aka kawo, nan take ya gyara."

Inna ta hango shi a ranta, tsaye a bayin shago ƙarƙashin ƙwan fitila, da gemunsa da duwatsu masu ƙyalli, yana zura jan zare. Ta shiga kicin ta yi dariyarta ita kaɗai har da riƙe ciki. Ba ta ce masa komai ba. Shi ma bai fasa kiranta Likita ba, tabaraun na aljihunsa.

Ranar hutu Auta da mijinta suka zo cin abincin rana. An ci an sha, an koma falo, Manaja ya gyara zama ya haɗa tafin hannuwansa, alamar ladabi zai fara.

"Baba, dama mun yi magana ne da Auta. Akwai wani likitan ido, mutumin kirki ne ƙwarai. Ba wai don wani abu ba, dubawa ce kawai. In ya so, ko hutu ne..."

"Hutun me?" Shaho ya miƙe zaune. "Ni? Yaro, idon nan da kake gani, da shi na aurar da matarka. Ƙudan da ke kan katangar can, in ka so in gaya maka mace ce ko namiji."

Ya kamo wuyan hannun surukin don maganar ta shiga, sai yatsunsa suka ji abin da suka saba ji: maɓallin hannun riga yana reto da zare ɗaya. Ya fizge shi, ya ɗaga sama.

"Dubi! Surukin tela guda yana yawo da maɓalli kamar haƙorin tsohuwa. Wai shi ne zai duba idon wani. Auta, ɗauko mini gwangwanina. Kada ka cire rigar, a jikinka zan ɗinke, ka ga aiki."

Inna ta hango matsalar tun kafin a buɗe gwangwanin. Ranar hutu ba ta zura zare, ba ta taɓa yi ba. Shi kuwa ya yi shekara da shekaru yana buɗe murfin yana tarar da komai a shirye, har ya manta cewa allura ba da zarenta ake haihuwarta ba.

Ya laluba gurbin fari, ya zaro allura tsirara. Ya laluba na kusa, haka. Amma Shaho ne, sai ya warware farin zare, ya gatsa, ya lasa, ya ɗaga allurar sama ya soka. Zaren ya wuce ta gefe da nisan da ko daga ƙofa za a gani. Ya sake. Ya ce zaren yanzu duk gashi ne. Ya sake. Ya ce masu ƙera allura sun daina tsoron Allah, wata ma ba sa huda ta. Ya tashi ya koma bakin taga, ya ce wa ya rataya wannan labulen mai cinye haske. Manaja na zaune da hannu a miƙe, ya ƙura wa silin ido kamar an rubuta wani abu a can. Auta ta daina murmushi.

Inna ta kasa jurewa. Ta ce, "Kawo, Malam. Wannan ai ba girmanka ba ne, kana da mu."

Ya miƙa mata da sauri, yana cewa, "To, yi, ki ɗan motsa jiki."

Sai da allurar ta zo hannunta ta tuna. Tun safe ta duba durowa ba ta ga tabarau ba, bai mayar ba jiya. Ta miƙe hannu, ta tsuke ido, ta soka, ta soka. Babu. Yanzu su biyu ke nan, tsoho da tsohuwa, allura ɗaya ta gagare su a gaban suruki.

Ta matsa kusa da shi ta ce a hankali, "Tabarau."

Ya yi kamar da bango take.

"Malam, tabarau. Yana aljihunka."

Auta ta ji, Manaja ma ya ji. Da Shaho ya miƙa shiru, da an wuce wurin, kowa zai ɗauka tsintarsa ya yi. Amma tsoro ya riga ya kama shi, shi kuma in ya tsorata cizo yake yi. Ya zaro tabaraun da yatsu biyu, ya kaɗa shi a iska, duwatsun suna walƙiya.

"Kun ga abin da nake fama da shi? Ni ne ɗan dakonta. Ta ajiye nan ta manta, ta ajiye can ta zauna a kai. Makauniya nake ja a gidan nan, ban dai faɗa ba ne don rufin asiri. Shekaranjiya gishiri ta zuba mini a shayi. Manaja, likitan nan naka, ga wadda za ka kai masa, in har yana gyaran abin da ya riga ya lalace."

Manaja ya yi 'yar dariyar ladabi. Auta ma ta yi, dariyar wadda aka sauke wa kaya, har tana cewa, "Kai, Inna, ashe haka abin ya yi nisa?" Wannan ce ta fi yi wa Inna ciwo. Ba ta taɓa zuba masa gishiri a shayi ba. Kuma kalmar nan, rufin asiri, a bakinsa, ita ce ta kasa yafewa.

Ta karɓi tabaraun ta sa. Ya zamo zuwa ƙarshen hancinta saboda ya saba da wani kan, ta tura shi sama da yatsa. Ta ɗaga allura, zare ya shige bugu ɗaya. Ta tsaya tana kallonsa, ga shi fari tas, rabi nan rabi can. Abin da ya rage ta haɗa bakin ta ƙulla, kamar kowace safiya. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ya sa hayaniya. Sai ta kama bakin zaren ta ci gaba da ja, a hankali, har wutsiyarsa ta fice ta ɗaya gefen. Ta dunƙule shi a tafin hannunta, ta miƙa wa mijinta allurar.

"Ga shi, Malam."

Da ya shafa ƙasan allurar yadda ya saba, da ya tsira. Amma yana kan dokin nasara, ba shi da lokacin shafawa. Ya ɗaga ta wajen haske, ya karkata kai, ya yi tsaki.

"Dubi ƙullin da ta yi, don Allah. Kamar za a ɗaure buhu. Da ido huɗu ke nan fa."

Kowa a falon ya ga babu zare a allurar, balle ƙulli. Shi bai lura ba. Ya ɗora maɓallin a hannun rigar Manaja, ya danne da babban yatsa, ya laluba hudar, ya soka allura ta ƙasa ta ɓullo ta sama, sannan ya ja hannu sama da irin yangar da yake yi wa masu kawo kaya. Hannun ya tafi fayau, babu abin da ya riƙe shi. Ya saki yatsa don ya ji ko ya kama. Maɓallin ya faɗo, ya gangara a kan siminti, ya yi 'yar rawarsa a gaban kujera ya kwanta.

Hannun Shaho ya tsaya a sama. Tela ne, ya san abin da hannunsa ya gaya masa, ya kuma san abin da bakinsa ya faɗa kafin nan. Auta ta rufe baki da tafi. Manaja ya dubi allurar, ya dubi ƙasa, ya ce da muryar da ta fi zagi zafi saboda taushinta, "Baba, ai da ka faɗa tuntuni, da an yanka maka naka. Wa zai hana ka aiki don tabarau? Mai guga ma ai da shi yake yi."

Inna ta so ta ji daɗi, ta nema ta rasa. Maganar Manaja ita ma ta mare ta, domin ta tuna safiyoyin nan duka, da ciwon kai, da ɗanɗanon zare, ashe gadin ɗakin da ba kowa ke son shiga ba take yi. Ga Shaho kuma yana tsaye dab da ita, tabaraun na nuna mata shi fiye da yadda take so: gumi a cikin furfurar girarsa, idanun nan da ake ta kuri da su sun yi jajir suna neman inda za su sauka.

Ya sauke hannun. Ya ce, can ƙasa, ba tare da ya dube ta ba, "Maman Auta."

Ta cire tabaraun, ta ɗora masa a hanci, ta gyara masa ƙafafun a bayan kunne. Tabaraun ya zauna daram, ai dama ya riga ya zama nasa. Ta buɗe tafinsa ta sa masa zaren.

"Zura da kanka, Malam. Hannun yaron nan ya gaji."

Bai cire ba. Ta ji shi yana gatsa bakin zaren, ta ji Auta ta durƙusa tana neman maɓalli. Fuskarsa kuwa, da yake tana kusa, ta koma mata hazo, kuma Inna ba ta ja da baya don ta gani ba.